Perera: Yadda Sunan Fotugal Ya Zama na Sinhalawa, Ya Kuma Bi Su Ci-rani

A Siri Lanka, tsibirin nan da Larabawa suka sani da Sarandib, sunan dangin da ya fi kowane yawa shi ne Perera. Masu rufa masa baya su ne Fernando da de Silva. Babu ko ɗaya cikin ukun da ya fito daga harshen Sinhala, duk kuwa da cewa Sinhalawa ne kusan kashi 75 cikin ɗari na jama'ar ƙasar a ƙidayar 2012. Baƙo kan ji sunan ya yanke hukunci nan take cewa mai shi jikan Bature ne, ko aƙalla Kirista. Lissafin ba ya fita. Mabiya Buddha su ne kashi 70 cikin ɗari, 'yan Katolika kuwa wajen kashi 6 ne kacal, kuma Turawan Fotugal da suka taɓa zama a tsibirin ba su kai yawan da za su haifi wannan ɗimbin jama'a ba ko da ba su da wani aiki sai aure. Perera bai yaɗu ta jini ba. Ruwan baftisma ne ya shigo da shi, littafin rajista ya dasa shi, fasfo kuma ya fitar da shi duniya.

Kirfa ce ta kawo Turawan. A wancan zamani babu kirfar da ta kai ta Sarandib daraja, kuma fataucinta yana hannun Musulmi 'yan kasuwa da suka daɗe da zama a gaɓar tsibirin. Wajen 1505 jiragen Lourenço de Almeida, ɗan wakilin sarkin Fotugal a Indiya, suka sauka a tsibirin. Littafin tarihin Sinhalawa mai suna Rajavaliya ya adana rahoton da aka kai wa sarkin Kotte, inda aka siffanta baƙin da cewa farare ne masu rigunan ƙarfe, suna cin dutse suna shan jini. Burodi ne da jar giya masu rahoton suka gani. Ana kuma ba da labarin cewa 'yan rakiyar da aka haɗa jakadun Fotugal da su sun yi ta zagaya daji da su kwana uku, don kada su gane cewa fadar Kotte tana nan kusa da tashar Kolombo. Har yau idan mutum ya bi doguwar hanya zuwa wuri na kusa, Sinhalawa kan ce ya yi tafiyar Bature zuwa Kotte.

Dabarar ba ta hana komai ba. A 1521 'ya'yan sarki uku suka yi wa ubansu juyin mulki suka raba ƙasar, babbansu Bhuvanekabahu ya riƙe Kotte, ƙanensa Mayadunne ya kafa kansa a Sitawaka ya sa yayan nasa a gaba. Bhuvanekabahu ya rasa madafa sai bindigogin Fotugal. Don ya tabbatar wa jikansa Dharmapala gadon sarauta, ya aika mutum-mutumin yaron na zinariya zuwa Lisbon, inda Sarki João na Uku ya ɗora masa kambi a 1543. A wannan shekara limaman Katolika 'yan ɗariƙar Faransis suka iso Kotte. Tsohon sarkin ya ƙi barin addininsa har harsashin wani sojan Fotugal ya kashe shi a 1551, amma jikan ya karɓi baftisma a 1557 ya zama Dom João Dharmapala. Ya miƙa gonakin wuraren ibadar Buddha ga limaman, a 1580 kuma ya rubuta wasiyyar bar wa sarkin Fotugal ƙasarsa. Da ya mutu a 1597 ba ɗa, gaɓar kudu maso yamma ta zama mallakar Turawa a takarda.

Nan ne sunan ya shigo. Al'adar limaman ita ce wanda aka yi wa baftisma ya ɗauki sunan waliyyi, ya haɗa da sunan dangin wanda ya tsaya masa a matsayin uba, ko soja ne ko jami'in gwamnati ko shi limamin. Pereira sunan dangi ne ruwan dare a Fotugal, asalinsa sunan wata bishiyar ƙasar sanyi ce 'yar'uwar tuffa. Kyaftin guda mai wannan suna yana iya tsaya wa mutanen ƙauye guda a wuni ɗaya, kowa ya tashi da sunansa, ba dangin iya ba na baba. Manyan mutane kuma aka ƙara musu laƙabin Dom, wanda ya koma Don, mata kuma Dona. Bakin Sinhalawa da alƙalamin magatakarda suka gyara sunayen daidai da harshensu: Pereira ya zama Perera, Pires ya zama Peiris, Mendes ya zama Mendis, Sousa ya zama de Soysa ko de Zoysa, Fonseca ya zama Fonseka, Vaz ya zama Vaas.

Me ya sa mutane suka yi tururuwa? Akwai waɗanda suka gaskata da zuciya ɗaya, kuma jikokinsu sun tabbatar da haka da irin wahalar da suka sha daga baya a kan addinin. Akwai tsoro, domin Turawan sun rushe manyan wuraren ibada irin na Kelaniya da Devinuwara. Akwai kuma riba ta zahiri. Sarakunan Sinhala suna da wani harajin gado da ake kira marala, wanda ke ba sarki hannu a dukiyar mamaci, sai aka yafe wa Kiristoci shi. Masunta na bakin teku, waɗanda ake kira Karava, su ne suka fi shiga gungu-gungu tare da shugabanninsu a tsakiyar shekarun 1550. Sana'arsu ta kashe kifi ba ta da kima a idon koyarwar Buddha, sabon addinin kuwa bai ga laifinta ba. Shi ya sa har yau gaɓar da ta tashi daga Negombo zuwa Chilaw cike take da coci-coci, kuma Fernando ya yi katutu a can da kuma garin Moratuwa.

A kan duwatsun tsakiyar tsibirin labarin daban ne. Mutumin da ya kafa sabuwar daular Kandy shi ma an taɓa yi masa baftisma da sunan Dom João, amma da ya hau mulki ya yar da sunan ya zama Vimaladharmasuriya, ya kuma karkashe rundunar Fotugal a Danture a 1594. Kandy ta ci gaba da cin gashin kanta har 1815. Saboda haka mutanen tudu suka tsira da sunayensu irin su Bandara da Ratwatte, Perera kuma ya zama shaidar cewa asalin mutum daga ƙasan gaɓa yake.

Abin mamaki shi ne sunan ya fi yin jijiya bayan masu shi sun tafi. Kamfanin kasuwancin Holan ya haɗa kai da sarkin Kandy, ya ƙwace Galle a 1640, Kolombo a 1656, Jaffna a 1658. 'Yan Holan sun tsani Katolika, suka kori limamanta suka haramta ibadarta. Sai da wani limami ɗan Goa, Joseph Vaz, ya shigo a 1687 cikin shigar mabaraci yana bin gidaje da dare, sannan cocin ta farfaɗo. Amma 'yan Holan mutanen takarda ne. Sun gaji wani littafin ƙasa da Fotugal ta fara mai suna tombo, suka faɗaɗa shi sosai a tsakiyar ƙarni na 18: wane ne mai wannan gona, su wa ke gidansa, wace sana'ar gado yake yi wa hukuma, bishiyar kwakwa nawa yake da ita. Malamin makarantar ƙauye kuma yana riƙe da nasa littafin na haihuwa da baftisma da aure. Auren da ba a rubuta ba, 'ya'yansa suna iya rasa gado, wanda ba a yi wa baftisma a cocin hukuma ba kuma ba ya samun muƙami. Jama'a suka riƙa kai 'ya'yansu a yayyafa musu ruwa a rubuta su, su dawo gida su ci gaba da kai furanni wurin ibadar Buddha. Sunan da kaka ya samu daga wani sojan Fotugal ya zama abin da ke tabbatar wa jika gonarsa, kuma ba mai wasa da sunan da gona ke rataye a jikinsa. Sunayen dangi na Holan ba su yaɗu haka ba, sun tsaya ga zuriyar Turawan da ake kira Burgher. Abin da Sinhalawa suka ɗauka shi ne sunayen yanka irin su Karolis da Hendrick da Harmanis.

Turawan Ingila sun karɓi gaɓar a 1796. Sun sassauta dokokin addini, ɗimbin Kiristocin takarda suka koma addininsu a fili, amma sunayen suka zauna, rajistar gwamnati kuma ta ƙara ɗaure su.

A nan ya kamata a fahimci yadda cikakken sunan ɗan Sinhala na gaɓa yake, domin a ganina shi ne mabuɗin labarin duka. Sunan asali yana gaba ne, ba baya ba. Ana kiransa sunan gida, yana ƙarewa da "ge", kuma yana faɗin ƙauyen kakanni ko muƙaminsu ko sana'arsu. Ɗauki 'yan wasan kurket biyu na ƙasar. Cikakken sunan Dilruwan Perera shi ne Mahawaduge Dilruwan Kamalaneth Perera, kuma Mahawaduge na nufin gidan babban kafinta. Na Thisara Perera shi ne Narangoda Liyanaarachchige Thisara Chirantha Perera, wato gidan wani mai muƙamin rubutu daga Narangoda. Sun buga wa ƙasa ɗaya wasa da suna ɗaya a allon filin wasa, alhali gidajensu daban. Tsohon ɗan wasa Chaminda Vaas kuwa sunansa ya fara da Warnakulasuriya Patabendige, wanda duk ɗan ƙasar da ya ji ya san gidan shugabannin Karava ne. Abin ya yi kama da yadda makarantar boko ta sa yaran Hausawa ɗaukar sunan gari a rajista, har mutum biyu su zama Kano ko Gusau ba tare da sun haɗa kaka ba.

Sunan gida yana tona asiri. Al'ummar Sinhala tana da matakai na gado: Govigama manoma da ke ganin kansu a sama, Karava masunta, Salagama masu ɓare kirfa, Durava masu tatsar bammin kwakwa, da wasu da ake rainawa a ƙasa. Daga sunan gida ake gane matakin mutum. Fernando da de Zoysa ma suna ɗan nuni, amma Perera ya ratsa matakai da yawa har ya zama ba ya faɗin komai. Ga wanda ya baro ƙauye ya shigo Kolombo neman aiki, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Ya taƙaita sunan gida zuwa harafi ɗaya ko biyu, ya zama Mista Perera, ba mai tambayarsa abin da kakansa ke yi.

An yi yunƙurin kawar da sunayen. A 1873 aka yi shahararriyar muƙabalar Panadura tsakanin malamin Buddha Migettuwatte Gunananda da wani fasto ɗan ƙasa, David de Silva, kuma daga nan farfaɗowar addinin Buddha ta kankama. Jagoranta mafi zafi an haife shi a 1864 da sunan Don David Hewavitarne. Ya yar da sunan ya zama Anagarika Dharmapala, ya riƙa yi wa mutanensa gorin sunayen aro da tufafin aro. Marubuci Pedrick de Silva ya amsa kira ya zama Piyadasa Sirisena. A ƙarni na 20 Eustace Reginald de Silva ya zama Ediriweera Sarachchandra, babban marubucin wasan kwaikwayo, shi ne kuma ya raɗa wa wani matashi mai goge, Albert Perera, sunan Amaradeva, wanda da shi ya zama mawaƙin da ƙasar ta fi girmamawa. Amma yawancin mutane sunan yanka kawai suka canja, suka bar na bayan. Firaministan farko bayan 'yancin 1948 Don Stephen Senanayake ne. Wanda ya mayar da Sinhala harshen hukuma shi kaɗai a 1956 sunansa Solomon West Ridgeway Dias Bandaranaike. Kundin tsarin mulkin 1972, wanda ya soke tsohon sunan ƙasar, Silon, ya kuma ba addinin Buddha fifiko, Colvin R. de Silva ne ya jagoranci rubuta shi, ministan kuɗi na lokacin kuma N. M. Perera ne, ɗan gurguzu, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Lanka Sama Samaja a 1935.

Ci-rani ya fara ne daga Galle, tashar da jiragen tururi ke tsayawa a hanyarsu ta gabas. Mutanen gaɓa su ne suka san jirgi, suka san ciniki da baƙo, don haka sunayen Fotugal ne suka riga na tudu fita. Wani dillalin duwatsu masu daraja, B. P. de Silva, ya buɗe shago a Singafo a 1872, kuma kamfanin yana nan har yau. A 1882 jirgin Devonshire ya kwashi Sinhalawa kusan 500 zuwa gonakin rake na Queensland a Ostareliya, inda fararen leburori suka tarbe su da bore a Bundaberg. Wasu suka gangara tsibirin Thursday wajen sana'ar lu'ulu'u. A Kuala Lumpur Sinhalawa suka kafa wurin ibadar Buddha na unguwar Brickfields a shekarun 1890, a Darussalam ta Tanganyika ma suka gina nasu wajen 1920. Waɗannan ƙananan al'ummomi ne, da yawansu sun narke cikin mutanen wurin ta hanyar aure, sunan kawai ya rage.

Ostareliya ta nuna iyakar abin da sunan zai iya saya. Daga 1901 ƙasar ta rufe ƙofa ga wanda ba fari ba. Bayan dokar harshe ta 1956 'yan Burgher suka yi ta ƙaura zuwa Melbourne, amma sai mutum ya kawo takardun salsala da ke nuna rinjayen jinin Turai, jami'i kuma ya dubi fatarsa. Perera ɗan Sinhala ba shi da wannan salsala, sunansa bai buɗe masa komai ba. Sai da aka soke manufar a 1973 likitoci da injiniyoyi da akantoci suka fara shiga, ɗalibai suka biyo baya. A 2002 Jude Perera ya ci zaɓen majalisar jihar Victoria daga mazaɓar Cranbourne, ya riƙe kujerar har 2018. Irin waɗannan masu ilmi sun bi ta Ingila ma, wasu kuma ta Afirka: a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 malaman Siri Lanka, Tamil da Sinhalawa, sun koyar da lissafi da kimiyya a makarantun Najeriya da Zambiya, da darajar kuɗi ta faɗi kuma da yawansu ba gida suka koma ba, gaba suka yi.

Hanyar Italiya ta fi kowace ban sha'awa, domin cocin da ta ba da sunan ita ce ta buɗe ta. A shekarun 1970, ta hanyar alaƙar coci, mata 'yan Katolika daga gaɓar Negombo suka fara zuwa aikin gida da kula da tsofaffi. Mace ta kira mijinta, miji ya kira ƙanensa, ƙane ya kira maƙwabci. A shekarun 1990 samari suka riƙa hayar jiragen kamun kifi suna bi ta Bahar Maliya, wasu suka isa, wasu teku ta ci su. Yau 'yan Siri Lanka a Italiya sun kai wajen dubu ɗari, a Milan da Napoli da Rum da biranen Sisili. Garin Wennappuwa kuwa ya cika da benaye masu fasalin gidajen Italiya, da yawa a kulle saboda masu su suna can suna yi wa wasu shara, har ana yi wa garin laƙabi da Ƙaramar Italiya. A ofisoshin Italiya sunan kan rikice. Fom gurbi biyu gare shi, suna da sunan dangi, don haka wani a rubuta shi Fernando, ɗan'uwansa a rubuta shi Warnakulasuriya, gwargwadon yadda fasfo ya jera. Abin dariya, ɗaya daga cikin sunayen dangi mafi yawa a Milan shi ne Colombo, kuma ba ruwansa da birnin Kolombo na Siri Lanka.

Mafi yawan masu fita dai ƙasashen Larabawa suka nufa. Bayan gwamnatin J. R. Jayewardene ta buɗe tattalin arziki a 1977, mata suka yi ta tafiya aikatau Saudiyya da Kuwait da Dubai da Lebanon, har a Lebanon kalmar "'yar Siri Lanka" ta zama ma'anar 'yar aiki. A 1985 aka kafa hukumar kula da masu aiki a waje. Kuɗin da suke aikowa ya kai wajen dala biliyan 7 a 2020, a 2022 kuma, shekarar da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, fiye da mutum 300,000 suka fita neman aiki. Sai dai a waɗannan ƙasashe sunan ba ya yin saiwa. Ba a ba baƙo zama ɗan ƙasa, kwantiragi na ƙarewa mutum ya tattara ya koma. Inda Perera ke zama har ya haifi wani Perera shi ne Melbourne da Landan da Milan da tsibirin Staten na New York. A bikinsu kuwa da wuya a tashi ba a saki baila ba, kiɗan rawa da shi ma gadon zamanin Fotugal ne gauraye da na bayin Afirka da suka kawo, kuma muryar da aka fi ji ta marigayi Sunil Perera ce na ƙungiyar Gypsies, wanda ya rasu a 2021.

A waje sunan yana haɗuwa da takwarorinsa, kowa da hanyar da ya bi ya same shi. Akwai Pereira na Goa da Mangalore a Indiya. Akwai Fernando Tamil, masuntan Parava na kudancin Indiya da suka shiga Katolika tun shekarun 1530. Akwai Perera 'yan Sifen da Yahudawan da aka kora daga can. A Legas ma akwai gidajen Pereira da da Silva, zuriyar Aguda da suka dawo daga Barazil a ƙarni na 19. Ga ɗan ci-rani wannan rikicewa tana da amfani, domin mai ɗaukar aiki ya iya furta sunan, bai kuma san daga ina mai shi yake ba sai ya gan shi.

Hasarar tana kan sunan gida. Yaron da aka haifa a Ostareliya ko Ingila sau da yawa ana rubuta masa sunan yanka da Perera kawai, don doguwar kalmar da ke gaba ba ta shiga gurbin fom, malamin makaranta kuma ba ya iya karanta ta. Idan ya girma ya so sanin asalinsa, littattafan tombo na zamanin Holan suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kolombo, cikin takardun kamfanin Holan da UNESCO ta sa a jerin muhimman takardun tarihin duniya a 2003. An jera su ne ƙauye-ƙauye, gida-gida. Mai bincike zai fara tambayarsa sunan ƙauyen kakansa da sunan gidansu, domin da Perera kaɗai ba a iya buɗe shafi ko ɗaya.